Buhun Taki

Shekara uku ban yi wa Filibus magana ba.
A majami'a ina zama gabas, kusa da taga,
shi yana yamma, inda kwano ke yoyo.
In aka ce a gaisa da juna
sai in sunkuya ina gyaran takalmi.

Buhun taki ne, guda ɗaya.
Na ranta masa shekarar da ruwa ya yi gardama,
ya ce sai kaka.
Kaka ta zo ta wuce,
ta dawo ta same mu yadda ta bar mu.

Ni kuwa ba na fashin sujada,
ba na fashin baiko,
muryata ce ke ɗaga waƙa.
Har yara nake koya wa yafiya ran Lahadi
da bakin da ya ƙi cewa ina kwana.

Tabita ta sha faɗa mini tana tankaɗe:
Malam, tsatsar cikinka ta fi ta garmarka.
In ce ta kula da tukunyarta.

Ana tsakiyar damina
babur ya kayar da ni a hanyar Sumaila.
Mai ɗori ya ɗaure ƙafar da karare,
ya ce kwana arba'in, ko da wasa kar in taka.
Ina kwance a zaure
ina lissafin yadda harkiya ke shaƙe mini gero.
Na yi addu'a,
na ji kamar ba ta wuce azara ba.

Ran Talata, zakara bai rufe baki ba,
na ji fartanya a bayan danga.
Ba ɗaya ba.
Na ja jiki zuwa ƙofa.
Jatau ne da samarinsa biyu,
da Istifanus mai faci,
da tsoho Tambai wanda kunnensa ya yi nauyi,
yana waƙa shi kaɗai, ba a kan kari ba.
A kunyar farko kuma
wani baya da na sani,
riga mai yage a kafaɗa.
Bai ɗago ba.

Da rana matan zumunta suka shigo da kunu,
Kande ta share tsakar gida ba a sa ta ba,
ta yi wa akuyarmu faɗa kamar tata.

Da la'asar ya shigo zauren,
ya zauna, fartanya tsakanin gwiwoyi.
Sannu da jiki, in ji shi.
Sannu da aiki, na ce.
Muka yi shiru har kaza ta gaji da kallonmu.

Can ya ce: takin nan bai ga gona ba.
Sayarwa na yi,
aka ƙara wa Rifkatu jini a asibiti.
Kunya ce ta ɗaure mini harshe.

Na san ta kwanta a shekarar.
Na ji an sanar a majami'a, na ce amin da ƙarfi.
Ban je dubiya ba.

Lahadin Jibin Ubangiji
a amalanke suka kai ni, shanun Jatau na ja.
Gabas ta cika,
aka ajiye ni yamma, ƙarƙashin yoyo.
Gurasa ta zagayo, zoɓo ya biyo baya
a ƙaramin kofi.
Daga hannunsa na karɓa,
hannu mai kanta, da ƙasar gonata a farce.
Sau nawa na sha wannan kofin?
Ranar na fara jin tsaminsa.

Har yau bai biya ba.
Ni ma ban iya cewa na yafe da baki ba,
kalmar ta yi mini girma.
Sai dai jiya Rifkatu ta aiko da daddawa,
Tabita ta mayar da kwanon da kuɓewa.
Ƙafa ta warke, gabas akwai wuri,
amma ina nan yamma.
In ruwa ya sauko
shi ya matsa, ni in matsa,
ya ɗiga a tsakaninmu.